Yarinya ta canza hali, ta fara jijjiga, likita ya ce garkuwar jikinta ce: amsa ga wani uba daga Tudun Wada

Tambaya

Assalamu alaikum Likita. Ni malamin firamare ne a Tudun Wada, Kaduna. 'Yata mai shekara takwas ce ba lafiya, yau mako na huɗu ke nan. Da ciwon kai da ɗan zazzaɓi ta fara, muka ba ta maganin maleriya, ya sauka. Bayan kwana biyar sai ta daina barci, ta riƙa kuka ba dalili, ta ciji ƙanenta, tana cewa tana ganin mutane a bayan ƙofa. Kakarta ta ce iska ce, muka yi kwana goma ana ruƙiyya. Sai ta yi jijjiga sau uku a wuni ɗaya, muka kai ta asibiti. Yanzu magana ta ɗauke, bakinta na ta motsi kamar mai tauna. Ba a ga maleriya a jininta ba, hoton kai bai nuna komai ba, ruwan bayan da aka ɗiba an ce akwai 'yar alamar kumburi amma ba ƙwayar cuta. Likitan ya ce yana zargin garkuwar jikinta ce ke yaƙar ƙwaƙwalwarta, yana so a fara magani tun sakamakon gwajin da aka aika bai dawo ba. Da gaske akwai irin wannan ciwo? Daidai ne a fara magani mai ƙarfi a kan zato? Farfaɗiya ce ta kama ta ke nan har abada? Hankalinta zai dawo?

Amsa

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ta lafiya, ya ba ku haƙurin jinya kai da mahaifiyarta. Zan fara da abin da ba ya jira: ka amince a fara maganin. Ni ban ga yarinyar ba, likitan da ke tsaye a kanta ya fi ni saninta, amma labarin da ka bayar, da yadda abubuwan suka biyo juna ɗaya bayan ɗaya, ya yi daidai da ciwon da yake zargi. Da a ce ni ke duba ta, abin da zan ce maka ke nan a bakin gadonta.

Ciwon na nan, kuma sananne ne a wajen likitocin yara da na ƙwaƙwalwa. Dalilin da ya sa ba ka taɓa jin labarinsa ba shi ne bai daɗe da samun suna ba. A shekarar 2007 ne wani likita ɗan ƙasar Sifen da ke aiki a Amurka, Josep Dalmau, da abokan aikinsa suka gano musabbabin nau'in da ya fi yawa a yara, wanda ake kira kumburin ƙwaƙwalwa na NMDA. Kafin nan masu irin wannan ciwo ko dai a ce hauka ne, ko a rubuta kumburin ƙwaƙwalwa da ba a san dalilinsa ba. Da yawa cikinmu mun gama makarantar likitanci babu wanda ya ambata mana shi.

Ga yadda abin yake. Jikin ɗan Adam na da garkuwa, kuma cikin aikinta akwai ƙera wasu makamai da muke kira antibodi, kowanne da irin ƙwayar cutar da aka ƙera shi dominta. Su ne ke sa wanda ya yi ƙyanda sau ɗaya ba ya sake yi. Wani lokaci garkuwar takan yi kuskure ta ƙera makamin da ya dace da wani sashe na jikin mai ita. A wannan ciwo, abin da makamin ke kamawa wasu 'yan ƙananan ƙofofi ne da ke jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, ta inda saƙo ke shiga daga wannan ƙwaya zuwa waccan, su ake kira ƙofofin NMDA. Da waɗannan ƙofofi yaro ke koyon karatu, yake tuna abin da ya ci jiya, yake bambance mafarki da ido biyu, yake riƙe fushinsa. Idan makamin ya manne musu, sai ƙwayar ta janye su cikinta, saƙo ya zo ya rasa ta inda zai shiga.

Ina so ka riƙe wannan da kyau, domin a nan amsar tambayarka ta ƙarshe take. Ka ɗauki Kasuwar Barci ranar da aka rufe shaguna. Babu ciniki, babu hada-hada, wanda ya zo wucewa zai ce kasuwa ta mutu, amma gine-ginen na tsaye, kaya na ciki. Wannan daban ne da ranar gobara. Ƙwayoyin cuta irin su hafis, mai haddasa kumburin ƙwaƙwalwa mai tsanani, ƙona wuri suke yi, abin da ya ƙone kuma ba ya dawowa yadda yake. Makamin NMDA rufe ƙofa yake yi, ƙwayoyin ƙwaƙwalwar galibi suna nan da ransu. Shi ya sa hoton kai kan fito lafiya lau alhali yarinya ba ta gane uwarta, kuma shi ya sa idan aka rage makaman, ƙofofin kan sake buɗewa.

Yanzu ka dubi labarin 'yarka. Zazzaɓi da ciwon kai na 'yan kwanaki a farko, kamar mura ko maleriya. Sai rashin barci, wanda iyaye da yawa ba sa ɗauka a bakin komai, ni kuwa ina tambayarsa tun kafin in tambayi jijjiga. Sai canjin hali: yarinya mai kunya ta koma cizo da zagi, tana gane-gane. Sai jijjiga. Sai magana ta yi ta raguwa, daga jimla zuwa kalma ɗaya, zuwa maimaita abin da aka faɗa mata, zuwa shiru. Sai motsin baki da harshe da yatsu wanda ba ita ke sa kanta ba. A 2016 ƙwararru suka fitar da ma'aunin da ake gane ciwon da shi tun gwajin antibodi bai dawo ba. Sun jera alamu shida: rikicewar hali ko tunani, lalacewar magana, jijjiga, baƙon motsin jiki, raguwar hayyaci, sai rikicewar ayyukan da jiki ke yi da kansa irin su numfashi, bugun zuciya da zafin jiki. Idan huɗu daga ciki suka bayyana a ƙasa da wata uku, ruwan baya ko gwajin wutar ƙwaƙwalwa ya nuna matsala, aka kuma kawar da sauran cututtuka, to an yarda likita ya fara magani. A saƙonka na ƙirga huɗu, ga kuma ruwan baya. Ka ga wannan ya wuce zato irin na kan hanya.

Maganar kawar da sauran cututtuka ba ƙarama ba ce a garin nan, kuma na ji daɗi da likitanku ya bi ta kanta. Cikin yaran da ake kawo mana da jijjiga a Kaduna, mafi yawansu ba wannan ciwon ke damunsu ba. Akwai jijjigar zafin zazzaɓi da kan kama yara daga wata shida zuwa shekara biyar, wadda kakanninmu ke cewa bugun tsuntsu, kuma yaro kan farfaɗo ya koma wasa. Akwai maleriyar da ta hau kai, musamman da damina. Akwai sanƙarau da bazara. Akwai tarin fuka da kan shiga rufin ƙwaƙwalwa a hankali, akwai faɗuwar suga a jini, akwai cizon mahaukacin kare da aka manta da shi, akwai yaron da ya sha wuya wajen haihuwa. Kowanne sai an tambaya ko an gwada, domin maganin da ke danne garkuwar jiki yana iya ba tarin fuka ko wata ƙwayar cuta damar yaɗuwa. Shi ya sa za ka ga an haɗa mata da maganin sanƙarau da na hafis a kwanakin farko, har sai an tabbatar ba su ba ne. Wannan ba ruɗewa ba ce daga likita, haka ƙa'idar take. Abin da ke bambanta ciwon 'yarka da sauran shi ne yaron da zazzaɓinsa ya sauka, jininsa ba maleriya, amma kullum halinsa da maganarsa sai ƙara lalacewa suke, mako bayan mako.

Na taɓa yin jinyar wani yaro ɗan shekara shida a wani asibiti da na yi aiki, shekarun baya. Sau biyu muka yi masa allurar maleriya cikakkiya, muka ƙara maganin jijjiga a kan wani, mun kusa wata guda muna lalube. Uwarsa ce kullum take ce mana, “Likita, ni ba jijjigar ce ta dame ni ba, yaron nan ba ɗana ba ne, an canza min shi.” Maganarta ita ce alamar ciwon, mu kuma hankalinmu na kan takardun gwaji. Ya samu sauƙi bayan an fara masa maganin da ya dace, amma ya daɗe ƙwarai kafin ya koma makaranta, kuma har yau ina tuna makonnin nan da suka wuce mu. Tun daga lokacin, duk uwar da ta ce min an canza mata ɗa, sai na ajiye biro na saurare ta daga farko.

Game da gwaje-gwajen, kada hoton kan da ya fito lafiya ya sa ku shakka. Hoton CT kusan bai ganin wannan ciwo, amfaninsa shi ne ya nuna babu ƙari ko zubar jini. Ko hoton MRI, wanda ya fi shi gani, a fiye da rabin masu wannan nau'in ba ya nuna komai. Gwajin EEG, wanda ake manna wayoyi a fatar kai a auna wutar ƙwaƙwalwa, ya fi kama shi, don a mafi yawan marasa lafiyar yakan nuna aikin ƙwaƙwalwa ya yi sanyi ko ya hargitse. Idan ba a yi mata ba, ku tambaya. Gwajin da ke yanke hukunci shi ne neman antibodin kansa, kuma a ruwan baya ya fi inganci fiye da jini, domin jini kan ɓoye shi a wasu, ya kuma nuna shi a wasu da ba su da ciwon. A nan ƙasar sau da yawa sai ɗakunan gwaji masu zaman kansu sun aika samfurin waje, sakamako ya ɗauki makonni. Waɗannan makonnin su ne ba mu da su.

Bari in ɗan tsaya a kan ɗibar ruwan baya, saboda wataƙila a sake buƙatarsa, kuma na san yadda dangi ke tada hankali idan an ambace shi. Ana cewa yana shanye ƙafa, ko yana kashe yaro. Igiyar laka ba ta kai har ƙarshen gadon baya ba, allurar kuma ƙasa da inda ta tsaya ake sa ta. Abin da ake ɗiba bai fi ƙaramin cokali ɗaya ko biyu ba, jiki kuma yana mayar da shi cikin 'yan sa'o'i, tunda babban mutum na samar da wajen rabin lita na wannan ruwa kowace rana. Yaran da aka ga sun rasu bayan an ɗibi ruwan, galibi sanƙarau ne ko wani ciwon da ya riga ya ci ƙarfinsu kafin a kawo su.

Maganin kashi biyu ne, kuma mutane kan ɗauki ƙaramin a matsayin babba. Maganin jijjiga, irin su fenobabiton, balfurowet ko lebetirasetam, tare wuta yake yi kada ta bazu. Ana buƙatarsa, amma shi kaɗai ba ya tsayar da jijjigar wannan ciwo, shi ya sa ake ganin an ƙara ƙwaya a kan ƙwaya yaro bai daina ba. Babban magani shi ne wanda ke kwantar da garkuwar jiki. Matakin farko allurar sitiroyid ce mai ƙarfi ta jijiya, kwana uku zuwa biyar, sannan a ci gaba da na sha ana ragewa a hankali. Galibi ana haɗa ta da IVIG, wato ruwan antibodi masu lafiya da aka tace daga jinin dubban masu ba da jini, wanda idan ya shiga jiki yakan rinjayi masu ɓarnar ya sa a yi saurin kawar da su. Ana ba da giram 2 ga kowane kilo na nauyin yaro, a raba cikin kwana biyu zuwa biyar, saboda haka yarinya mai kilo 25 giram 50 za a sa mata ta jijiya. A nan tsadar take, kuma na san me albashin malamin firamare yake. Hanya ta uku ita ce wankin ruwan jini da na'ura, a inda ake da kayan aikin. Idan aka yi kamar mako biyu ba a ga alamar sauƙi ba, sai a hau mataki na biyu, rituksimab ko saikulofosfamayid, masu rage ƙwayoyin da ke ƙera makaman tun daga tushe.

Shawarata a kan kuɗi ita ce ka faɗa wa likitan gaskiyar abin da za ka iya, yau, ba tare da jin nauyi ba. Sitiroyid ba shi da tsada irin ta IVIG, kuma ana samunsa a garin nan. Kada a riƙe shi ana jiran a haɗa kuɗin ɗayan. A fara da abin da ke hannu, dangi su ci gaba da haɗa sauran. IVIG kuma kada ka karɓe shi daga hannun wanda ba ka san inda ya ajiye shi ba, domin zafi na lalata shi; ka bi ta kantin maganin asibiti ko inda likitan ya amince da shi. Ka tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin ko akwai tallafi, ka kuma duba ko inshorar lafiyarka ta wurin aiki za ta ɗauki wani abu.

Me ya sa nake matsa maka a kan lokaci? A 2013 aka buga wani babban bincike da ya bi marasa lafiya 577 masu wannan ciwo, fiye da kashi ɗaya cikin uku yara ne. Wajen rabinsu sun fara samun sauƙi cikin mako huɗu da fara matakin farko. Bayan shekara biyu, kashi 81 cikin 100 sun warke ko sun kusa, suna gudanar da rayuwarsu. Abu biyu ne suka fi nuna wanda zai warke da kyau: an fara masa magani da wuri, kuma ciwon bai kai shi ɗakin kulawa ta musamman ba. Na farkon yana hannunku. Ba zan ɓoye maka ba, a cikin binciken akwai waɗanda suka rasu, akwai waɗanda suka tashi da rauni, kuma an yi shi ne a asibitocin da ke da kayan aikin da ba kowane asibitinmu ke da su ba. Abin da ke kisa yawanci shi ne ɗaukewar numfashi, rikicewar bugun zuciya, jijjigar da ta ƙi tsayawa, ko abinci ya sarƙe yaro ya shiga huhu. Saboda haka idan inda take babu na'urar taimakon numfashi, ku yi magana da likitan tun yanzu a kan ko ya kamata a mayar da ita babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a nan cikin gari ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Gara a yi tafiyar tana numfashi da kanta.

Sitiroyid na da nasa illolin, kuma gara ka ji su daga bakina. Fuska za ta cika, cin abinci zai ƙaru, suga da hawan jini kan ɗaga, wani yaron ma fushinsa kan ƙaru na ɗan lokaci. Duk suna sauka idan an rage maganin. Haɗarin yana wajen tsayar da shi rana ɗaya don an ga kumatu sun fito, ko don wani ya ce yana kashe ƙoda. Jiki ya saba da shi, sai a hankali ake janyewa. Muddin tana kansa, a nisanta ta da mai ƙarambau, mai ƙyanda da mai tari, zazzaɓi ko yaya yake a koma asibiti. Kafin rituksimab ana gwada ciwon hanta nau'in B da tarin fuka. Allurar rigakafi kuma, musamman ta ƙyanda da ta shawara, kada a yi mata sai an tambayi likitanta.

Za a kuma yi mata sikanin ciki, kada ka yi mamaki. A matan da suka balaga, kusan rabi akan samu wani ƙari a ma'ajiyar ƙwai wanda shi ke tunzura garkuwar jiki, kuma cire shi na cikin maganin. A 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 12 bai kai ɗaya cikin goma ba, amma dubawar ba ta da wuya, kuma akan maimaita ta lokaci-lokaci. Wani abin da ke tayar da ciwon shi ne kumburin ƙwaƙwalwa na hafis: wajen ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka yi shi, bayan makonni sukan dawo da irin wannan. A yara da yawa kuwa ba a samun ko ɗaya daga cikin biyun. Ba laifin abincin da kuka ba ta ba ne, ba gadonsa ake yi kai tsaye ba, ƙanenta kuma ba zai ɗauka ba.

Idan gwajin NMDA ya dawo babu, hakan bai rushe maganar likitan ba. Ciwon na da 'yan'uwa. Akwai wanda kan biyo bayan mura ko ƙyanda ya taɓa rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, shi kam MRI na ganinsa, kuma yana jin sitiroyid sosai. Akwai wanda kan biyo bayan ciwon maƙogwaro, yaro ya riƙa fizge-fizge kamar mai rawa, wanda dole a duba masa zuciya. Akwai na Rasmussen, da aka bayyana tun 1958 a Kanada, mai cin ɓari ɗaya na ƙwaƙwalwa da jijjigar hannu ko fuska da ba ta yankewa, shi kuma wani lokaci sai da tiyata. Akwai kuma yaran da duk alamu sun cika amma ba a samu antibodin da aka sani ba, a yi musu maganin su samu sauƙi.

Sai tambayarka a kan farfaɗiya, wadda na san ita ke hana ka barci, saboda abin da kalmar ke jawo wa 'ya mace a wajenmu, daga makaranta har maganar aure. Farfaɗiya ita ce ƙwaƙwalwa ta zama mai yin jijjiga da kanta, ba tare da wani ciwo na tunzura ta a lokacin ba. Jijjigar 'yarka kumburin ne ke kawo ta. A nau'in NMDA, mafi yawan yara suna daina jijjiga idan kumburin ya kwanta, kuma likita kan janye maganin a hankali bayan watanni. Kaɗan ne ke zarcewa da ita. Ko da ta zarce, farfaɗiya ciwo ne mai magani, ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa mai ita, kuma ina da marasa lafiya masu ita da suka gama jami'a suka yi aure.

Idan jijjiga ta zo, a asibiti ko bayan kun koma gida, a kwantar da ita a gefenta, a kawar da abin da zai ji mata ciwo, a sassauta wuyan riga, wani ya dubi agogo. Kada a sa mata cokali ko yatsa a baki, ba ta haɗiye harshenta. Haƙoran da na ga sun karye a wurin aiki cokali ne ya karya su. Kada a ɗura mata ruwa, manja ko rubutu, huhu za su tafi. Kada a kara ƙafarta a wuta, kada a turara mata hayaƙi, kada a danne ta. Idan ta kai minti biyar ba ta tsaya ba, ko wata ta biyo kafin ta farfaɗo, asibiti nan take, domin daga nan da wuya ta tsaya sai da allura. Kuma ku ɗauki bidiyo da waya. Motsin bakin nan da na hannu sau da yawa ba jijjiga ba ne, baƙon motsi ne na ciwon, maganinsu kuma daban. Bidiyon minti ɗaya kan hana a ɗora wa yaro maganin jijjiga na uku da bai buƙata.

Wani gargaɗi da nake so ka kai wa duk likitan da zai gan ta: yara masu wannan ciwo ba sa jure wasu magungunan taɓin hankali, irin halofaridol. Jiki kan sandare, zafi ya hau, hayyaci ya ƙara gushewa. Idan duka da cizo sun yi yawa har ana buƙatar abin kwantar da ita, akwai waɗanda suka fi sauƙi, sai a zaɓa da sanin ciwon da ake zargi.

Maganar kakarta kuwa, kada ka yi faɗa da ita. Abin da ta gani, yarinya na gane-gane, murya ta canza, ƙarfi ya ƙaru da dare, shi ne abin da duk aka taso ana ce mana iska ce, kuma son jikarta ne ya sa ta faɗa. Ka zaunar da ita ka ce mata likitoci sun ga alamar ciwon a ruwan bayan yarinyar, kuma yana da magani. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. A yi mata addu'a da karatu a bakin gado, ban taɓa hana kowa ba, ni ma ina yi wa nawa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a cire ta daga asibiti a tsakiyar magani, ko a doke ta da sunan ana dukan aljani, ko a shaƙa mata wani abu, ko a ba ta jiƙo tana wannan hali da haɗiya ba ta da tabbas. Idan an sa mata robar abinci ta hanci, a bar ta, ita ke tsare huhunta. Kwana goman da suka wuce kuma kada ku zauna kuna zargin juna a kansu, mako huɗu har yanzu da wuri ne idan aka kwatanta da yadda ake kawo mana wasu.

Hankalinta zai dawo? Fatan da nake da shi mai ƙarfi ne, da izinin Allah, amma ku shirya wa tafiya mai tsawo. Sauƙin kan zo ne ta bayan yadda ciwon ya shigo. Numfashi da hayyaci su fara daidaita, motsin baki ya ragu, jijjiga ta tsaya, ta fara bin mutum da ido, sai kalma ɗaya, sai biyu. Hali da tunani su ne na ƙarshe. A wannan tsakanin wasu yaran kan koma kamar ƙanana, su yi ta barci, su yi ta ci, su faɗi abin da bai kamata ba a gaban baƙi, su yi fushi a kan abu kaɗan. Iyaye da yawa a nan suke karaya, suna ganin jiki ya warke amma tarbiyya ta lalace, har a kai ga bulala. Ciwon ne bai gama fita ba. Yakan ɗauki watanni, wani ya haura shekara ɗaya da rabi. Galibinsu ba sa tuna komai na lokacin da suke kwance, kuma ba sai an riƙa ba ta labarin cizon da ta yi ba. Gashin ƙashi da koyon magana a fara su tun tana gadon asibiti.

Ciwon kan dawo a wajen kashi 12 cikin 100 cikin shekara biyu, yawanci bai kai na farko tsanani ba, kuma ya fi dawowa ga waɗanda ba su samu cikakken magani ba. Alamar da za ku sa wa ido ita ce wadda ya fara da ita: barci ya ɗauke kwana biyu ko uku a jere, magana ta fara sarƙewa, hali ya juya. Ranar da kuka ga haka ku koma, kada ku jira jijjiga.

Kai malami ne, don haka makaranta na bar maka a ƙarshe. Kada a mayar da ita aji cikakke rana ɗaya. Ta fara da awa biyu, a zaunar da ita gaba, a rage mata aikin gida, a ba ta umarni ɗaya a lokaci guda, domin riƙe abu sabo da tattara hankali su ne ke daɗewa ba su dawo ba, ko da ta yi kama da mai lafiya. Haddar da ta zube a Islamiyya a bi ta da ita sannu, ba tare da an haɗa ta da sa'o'inta ba. Ka yi wa malaman ajinta na boko da na Islamiyya bayani da bakinka, ka nuna musu yadda ake kwantar da yaro idan ya yi jijjiga, ka bar musu lambar wayarka da ta mahaifiyarta. Idan ta kama ta maimaita aji, ta maimaita.